Bututun Hayaƙi da Rufin Ɗaki: Yadda Ake Tare Zafi Ba Tare da Jawo Gobara Ba

Gabatarwa

Bututun hayaƙi ya yawaita a garuruwa da ƙauyukan jiharmu. Gidajen burodi sun ƙaru, makarantun kwana da asibitocin karkara suna gina manyan murahu, ƙungiyoyin mata masu suyar gyaɗa da ƙuli-ƙuli da masu turara shinkafa suna komawa ga ingantaccen murhu mai fitar da hayaƙi waje, ga kuma masu injin niƙa da janareta da ke huda rufi domin fitar da salansa. Wannan ci gaba ne da muke maraba da shi, domin a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, hayaƙin girki da ake shaƙa a cikin gida yana da hannu a mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya kowace shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi zama a bakin murhu.

Sai dai bututun da ya raba uwargida da tari da ciwon ido yana iya zama sanadin ƙonewar gidan gaba ɗaya idan ba a kula da wuri guda ba, wato inda ya ratsa rufi. A nan ne ƙarfe mai zafi yake haɗuwa da katako, ko azara, ko ciyawa, ko silin, kuma wuri ne da ido ba ya kaiwa kullum. Mun tattara wannan bayani ne domin amfanin magidanta, magina, kafintoci da masu walda, da kuma jami'an ƙananan hukumomi, duba-gari, dagatai da masu unguwanni waɗanda jama'a ke kawo wa tambaya. Bayanin ba ya maye gurbin izinin gini daga hukumar da abin ya shafa, ko tanade-tanaden Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na shekarar 2006.

Yadda gobarar take farawa

Mutane da yawa suna ɗauka cewa sai harshen wuta ko tartsatsi ya taɓa katako kafin ya kama. Ba haka abin yake ba. Sabon katako yana bukatar zafin da ya kai digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Salsiyas kafin ya kama wuta. Amma idan yana shan zafi kullum, yau da gobe, na tsawon watanni ko shekaru, sai ruwan jikinsa ya ƙone, launinsa ya koma ja, daga nan ya yi baƙi, a hankali ya zama kamar gawayi. Katakon da ya kai wannan matsayi yana iya ɗaukar wuta a zafin da bai kai rabin na farko ba. Masu binciken gobara a ƙasashen waje sun rubuta lokutan da katako ya kama bayan ya daɗe yana jingine da bututun tururi, wanda zafinsa bai wuce na tafasasshen ruwa da yawa ba.

Wannan shi ya sa maganar da muke yawan ji, wai shekara biyar ke nan muna amfani da shi haka ba abin da ya faru, ba hujja ba ce. Shekaru biyar ɗin su ne suka gasa katakon. Irin wannan wuta kuwa ba ta tashi da ƙara. Tana ci a ɓoye tsakanin kwano da silin, sau da yawa bayan an kashe murhu an kwanta, sai tsakar dare a farka da hayaƙi.

Yanayinmu yana ƙara wa abin nauyi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da komai ƙayau, kuma ita ce take ɗaukar tartsatsi daga wannan danga zuwa waccan. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafin rana yakan haura digiri 40, katakon da ke ƙarƙashin kwano ya riga ya gasu tun kafin a hura murhu.

Bututun ƙarfe mai bango ɗaya, irin wanda masu walda ke naɗewa, yakan kai digiri 150 zuwa 300 a girki na yau da kullum, ya wuce haka idan an cika itace. Idan kuwa kunkunniyar da ta taru a cikinsa ta kama, zafin yana iya kaiwa digiri 1,000. Saboda haka ba a auna tsaron bututu da ranar da aka dafa tuwo kaɗai. Ana auna shi da ranar da cikinsa ya kama wuta.

Tazara ita ce ginshiƙi

Abin da ya fi komai kare katako daga bututu shi ne fili, wato iska mai wucewa tsakaninsu. Alƙaluman da za mu kawo sun fito ne daga ƙa'idojin ƙasashe masu tsananin sanyi, inda ake kwana da wuta a ɗaki watanni da yawa, aka kuma daɗe ana gwada waɗannan abubuwa. Katako a can da katako a nan duk ɗaya suke ci da wuta, don haka ma'aunin ya shafe mu.

Ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 211 ta ce bututun ƙarfe mai bango ɗaya ya nisanci duk abin da ke cin wuta da inci 18, kimanin santimita 45, wato kusan kamu ɗaya na babban mutum. Ƙa'idar gini ta Ingila, sashen J, ta ce tazarar ta zama ninki uku na faɗin bututun. Ga bututu mai faɗin inci 6, wanda shi aka fi amfani da shi a madafa, lissafin biyu sun faɗa wuri guda: inci 18. Idan bututun ya kai inci 8, a bi ninki ukun, a bar inci 24. Muna ba da shawara a yi awon da tef, domin kamun wani ya fi na wani.

Ana iya rage wannan tazara idan aka sa garkuwar ƙarfe tsakanin bututu da katako, muddin akwai iska mai wucewa a bayan garkuwar. A ƙa'idar Ingila tazarar takan dawo ninki ɗaya da rabi na faɗin bututu, wato inci 9 ga bututu mai inci 6. A lura da kyau: falle kwano da aka buga kai tsaye a jikin katako ba garkuwa ba ne. Ƙarfe yana miƙa zafi, ƙusoshin ma suna kai shi har cikin katakon, sannan kwanon ya ɓoye ƙunar da ya kamata a gani. Lallai ne a bar fili na kimanin inci 1 a bayansa, buɗe sama da ƙasa.

Bututun gini, na jan bulo, yana bukatar tazarar inci 2, kimanin santimita 5, tsakanin bayansa da katakon rufi. Ba a ɗora rafta a kansa, ba a cusa kan katako a cikin bangonsa, ba a kuma buga masa ƙusa a rataya silin. Kaurin bangon kada ya gaza inci 4 idan an zura masa bututun yumɓu ko na ƙarfe a ciki. In babu, a ninka kaurin. Bulon siminti mai rami bai dace da wurin da wuta ke duka ba, domin siminti yana fara rasa ƙarfinsa daga wajen digiri 300, ya tsattsage, hayaƙi da tartsatsi su sami hanya.

Akwai kuma bututun kamfani mai bango biyu, wanda aka cusa wa abin tare zafi a tsakiya tun daga masana'anta. Irin wannan yawanci inci 2 yake bukata, kuma ana rubuta adadin a jikinsa ko a takardarsa. Shi ne mafi aminci, amma yana da tsada. Abin da muke so jama'a su fahimta shi ne, wannan inci 2 na bututun da aka gwada ne a ɗakin gwaji. Bututu biyu da mai walda ya zura ɗaya cikin ɗaya, komai kyan aikinsa, ba a ba shi wannan rangwame. A ƙa'idar Amurka ma an hana bututu mai bango ɗaya ratsa silin ko rufi sam-sam. Aikinsa ya tsaya daga murhu zuwa inda bututun gini ko na kamfani ya karɓa.

Abin da ake sawa a gefen bututu da abin da ba a sawa

A nan ne aka fi yin kuskure, kuma kuskuren yakan fito ne daga kyakkyawar niyya. An huda rufi, an bar tazara, sai maigida ya ɗaga kai ya ga rami kewaye da bututu. Ƙura tana shiga, ruwa yana ɗiga, ɓera da ƙadangare suna zirga-zirga. Sai ya nemi abin da zai toshe. Abin da hannu ya fi kaiwa kuwa shi ne tsumma, buhun siminti, kwali, soson katifa, leda ko tsohuwar robar taya. Duk waɗannan makamashi ne aka kai wa wuta har gida.

Farar kumfar nan da ake naɗo talabijin da firji da ita, wadda wasu ke shimfiɗawa a kan silin domin rage zafin ɗaki, tana fara laushi tun daga wajen digiri 100, tana narkewa tana ɗiga da wuta. Wasu kuma suna narka ta a fetur su liƙe yoyon kwano da ita. Ko a wani wuri wannan dabara tana da haɗari, balle a gindin bututun hayaƙi. Haka nan faifan kwalta mai manne da ake liƙe rufi da shi, da kumfar gwangwani da ake fesawa a ramuka, da shimfiɗar leda mai ƙyalli da ake sawa ƙarƙashin kwano: kowannensu a tsayar da shi a bakin tazara, kada ya ƙetare. Silin roba na PVC yana lanƙwashewa tun kafin zafin tafasar ruwa, idan ya kama kuma hayaƙinsa guba ne. Silin POP shi kansa ba ya ci, amma a jikin katako ake rataye shi, kuma zafi yana fasa shi.

Abubuwan da ba sa cin wuta su ne falle ƙarfe, jan bulo, yumɓu, turmin ƙasa, da audugar dutse, wadda ake sarrafawa daga narkakken dutse, tana jure zafin da ya haura digiri 1,000. Audugar gilashi, mai launin rawaya ko ruwan hoda, ba ta kai ta juriya ba, kuma takardar ko ledar da ake manna mata a baya tana ci.

Amma ga wani abu da ko ma'aikata sukan manta. Ko audugar dutse ce, ba a cusa ta a cikin tazarar da aka bari domin iska. Dalili shi ne, abin tare zafi ba ya kashe zafi, jinkirta tafiyarsa kawai yake yi. Idan aka cika ramin da shi, iskar da ke kwashe zafin ta tsaya, bututun ya ƙara zafi a daidai wurin, bayan awa uku ko huɗu ana wuta zafin ya ratsa audugar ya isa katako, ya kuma zauna a can ba mai kwashe shi. A gidan burodi, inda tanda ke ci tun asuba har dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana cusa audugar ne kawai inda kamfanin da ya ƙera bututun ya rubuta cewa a yi haka.

To, da me za a rufe ramin? Da farantin ƙarfe. A yanka falle ƙarfe mai kauri, a huda tsakiyarsa daidai faɗin bututun gini ko rigar bututun ƙarfe, a ɗaure gefensa a katakon da ke nesa. Farantin yana hana ƙura da ɓeraye, yana kuma hana wuta hawa cikin silin idan madafa ta kama, amma saman farantin a bar shi fili. Idan an shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, a kewaye bututun da shingen kwano wanda ya fi shimfiɗar tsawo da inci 3 ko 4, domin kada iska ko ɓera su turo ta jikin bututu. A rufe saman shingen da raga ko murfi mai gangara, saboda tsuntsaye da ɓeraye suna son wuri mai ɗumi, kuma da ciyawa da tsumma suke sheƙa.

Game da asbesto, wanda har yanzu yana cikin silin da rufin tsofaffin makarantu da gidajen ma'aikata: gaskiya ne ba ya ci da wuta, amma ƙurarsa tana jawo cutar daji ta huhu bayan shekaru. Kada a yanka shi, kada a huda shi, kada kuma a sayi tsohonsa domin yin garkuwa. Bututun asbesto ma yana fashewa idan wuta ta yi yawa.

Rufin kwano

Kwano ba ya ci, amma katakon da ke ƙarƙashinsa yana ci. Kafin a gina murhu a fara ɗaga kai a dubi rafta, a zaɓi wurin da bututu zai miƙe ya bi ta tsakiyar rafta biyu. Ya fi sauƙi a matsar da murhu ƙafa ɗaya tun yana zane a ƙasa da a yanke rafta daga baya. Idan katakon da ake buga kwano a kai, wanda kafintoci ke kira tu-bai-tu, ya faɗo cikin tazara, a yanke shi, kafinta ya ɗaure bakinsa da wani katakon a gicciye, ko a maye gurbinsa da ƙarfe.

Inda babu halin sayen bututun kamfani ko gina na bulo, mafi ƙarancin abin da za mu amince da shi ga murhun gida shi ne a yi wa bututu riga. Ga bututu mai inci 6, mai walda ya naɗe wani mai inci 10, a zura na farkon a ciki, a riƙe su da ƙananan ƙarafa uku ko huɗu yadda filin inci 2 zai kewaye shi daidai. Rigar ta faro aƙalla ƙafa ɗaya da rabi ƙasa da silin, ta ratsa har saman kwano, a bar ta buɗe sama da ƙasa domin iska ta riƙa hawa. Duk da rigar, katako mafi kusa ya kasance inci 9 daga jikin bututun ciki. Ma'ana, ramin da kafinta zai bari tsakanin katakai ya zama ƙafa 2 a kowane ɓangare. Wannan na murhun gida ne. Gidan burodi da madafar makaranta su gina na jan bulo tun daga ƙasa, a kan harsashinsa na kansa.

Ƙarfen bututun ciki ya kai kaurin milimita 0.6 ko fiye. Yawancin kwanon rufi na kasuwa bai kai haka ba, kuma tutiyar da aka shafe shi da ita tana narkewa a digiri 420, tana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, don haka bai dace da bututun ciki ba. Kada mahaɗar bututu biyu ta faɗo a cikin silin ko a daidai kaurin rufi, inda ba a gani. A kowace mahaɗa, bakin na sama ne ke shiga cikin na ƙasa, domin baƙin ruwan da ke gangarowa ya koma murhu maimakon ya biyo bayan bututu, a kuma ɗaure da sukurori uku.

Maganin yoyo kuwa ba liƙi ba ne, tsari ne. Ana sa faranti mai dogon wuya a kan kwano, gefensa na sama ya shige ƙarƙashin kwanon da ke bisansa ko ƙarƙashin murfin tsororuwa, na ƙasa ya hau kan kwano, yadda ruwa zai bi ta kansa ya wuce. Wuyan farantin ya kama rigar. Sama da bakin rigar kaɗan a ɗaura wa bututun ciki kwala mai gangara kamar malafa, wadda za ta kare bakin daga ruwan sama ba tare da ta toshe shi ba. Idan ana bukatar abin liƙi, a nemi wanda aka rubuta yawan zafin da yake jurewa a jikinsa, a shafa shi a jikin riga da faranti. Bututun ƙarfe mai tsawon mita 3 yana ƙaruwa da kusan santimita 1 idan ya yi zafi, ya koma idan ya huce, shi ya sa duk simintin da aka dafe masa a wuya yake fashewa kafin damina ta zagayo.

Salansar injin niƙa da ta janareta ta fi bututun girki zafi, takan haura digiri 400, ga kuma girgiza. Ƙa'idar Amurka mai lamba NFPA 37 ta ce inda ta ratsa rufi mai katako a yi mata rigar ƙarfe mai shan iska, wadda ta fi ta faɗi da inci 6, ta kuma leƙo inci 9 sama da rufin da inci 9 ƙasa da shi.

Rufin soro da na ciyawa

Ɗakin soro yana yaudarar ido. Daga sama ƙasa ce, amma a ƙarƙashinta akwai azara, da zana ko kara ko itatuwan da aka jera kafin a zuba ƙasar. Ƙasa tana jinkirin ɗaukar zafi, tana kuma jinkirin sakinsa, saboda haka azarar da ke binne kusa da bututu tana iya gasuwa shekara da shekaru ba wanda ya sani, har ranar da za ta ci ta cikin ƙasa rufin ya rufto. Tazarar da muka ambata tana nan daram: ana auna ta daga bututu zuwa azara da zana, ba a cewa ai akwai ƙasa a tsakani.

Hanya mafi kyau ita ce a bar ramin tun lokacin rufi. Magini ya tsara azara ta kewaye wurin, a datse zana da kara daga bakin ramin, a gina wuyan da zallar ƙasa ko jan bulo ya ɗago sama da rufin kamar taƙi ɗaya domin kada ruwa ya kwanta a gindinsa, a kuma karkata shafen zuwa wajen indararo. Bututun yumɓu da maginan tukwane ke yi yana iya zama riga mai kyau, in an bar fili tsakaninsa da ƙarfen. A tsohon soro kuwa, huda rufi yana raunana azara yana kuma buɗe wa ruwa hanya. Gara a fitar da bututun ta bango, nesa da kan azara da katakon ƙofa ko taga, a karkace zuwa sama, sannan ya miƙe a waje.

Game da jinka da rumfar ciyawa ko ta kara, shawararmu a taƙaice take: kada bututun hayaƙi ya ratsa su ko kaɗan. A fitar da shi ta bangon ƙasa, ya nisanci bakin jinka, ko a yi wa madafar rufin kwano. A Ingila, inda har yanzu akwai gidaje masu rufin ciyawa, ƙa'ida ta ce bakin bututu ya ɗara ciyawar da aƙalla mita 1.8. A kuma dubi abin da ke maƙwabtaka: rumbu, dangar kara, da harawar da ake tarawa a kan rufi ko a reshen bishiya bayan kaka.

Tsawon bututu da hularsa

Gajeren bututu yana zubar da tartsatsi a kan rufi, ba ya kuma jan hayaƙi sosai. Ma'aunin da aka fi sani shi ne, bututu ya ɗara wurin da ya fito da ƙafa 3, ya kuma ɗara duk wani sashe na gini da ke cikin ƙafa 10 daga gare shi da ƙafa 2. Idan abin da ya leƙo sama da rufi ya wuce ƙafa 5, a ɗaure shi da sandunan ƙarfe ko waya ta ɓangarori uku, saboda guguwar farkon damina. Nauyin bututun kada ya zauna a kan kwano.

A sa masa hula domin ruwa, a kewaye ƙarƙashin hular da ragar waya mai ido kimanin rabin inci domin tare tartsatsi. Ragar sauro ta taga ba ta yi ba. Cikin 'yan kwanaki kunkunniya za ta toshe ta, hayaƙi ya dawo ɗaki. Bututun da ya toshe yana tara iskar guba ta kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Alamunta ciwon kai, jiri, amai da kasala, musamman idan mutane da yawa suka kamu lokaci guda. A fitar da su waje nan take, a kai su asibiti.

Shara da dubawa

Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne. Idan aka ƙona shi, hayaƙinsa yana yin sanyi a cikin bututu ya manne kamar kwalta, kuma wannan danƙo shi ne abincin gobarar bututu. Itacen da ya bushe sosai yana rage shi. Leda, roba, tsohuwar taya da baƙin mai ba abin hura tanda ba ne. Idan kaurin kunkunniya ya kai milimita 3, lokacin shara ya yi. Gidan da ke girki kullum ya duba kowane wata biyu ko uku, gidan burodi kowane wata, kowa kuma ya share kafin shigowar hunturu.

Bayan an kammala sabon aiki, a hura wuta sosai na awa biyu, sannan a ɗora tafin hannu a kan katakon da ya fi kusa da bututu. Idan ba a iya barin hannun a kai ba, tazarar ba ta isa ba. Wannan gwaji ƙari ne a kan awo da tef, ba madadinsa ba.

Idan cikin bututu ya kama, za a ji ruri kamar na iska mai ƙarfi, ƙarfen ya yi ja, tartsatsi na fita ta sama. A fitar da kowa, a kira lambar gaggawa ta 112 ko ofishin kashe gobara mafi kusa, a rufe bakin murhu domin hana shi iska, a zuba yashi a kan wutar da ke ciki. Kada a kwarara ruwa cikin bututu mai zafi, domin tururin yana ƙona mutum yana kuma fasa bulo; ruwan a jiƙa rufi da dangar da ke kusa da shi. Bayan wutar ta mutu a buɗe silin a duba, a kuma sa ido har wayewar gari. Kada a sake hura murhun sai an bincika bututun daga ƙasa har sama.

Ga jami'an da ke zagayen duba gidajen burodi, makarantu da injinan niƙa, muna roƙon kada a tsaya a bakin ƙofa. A tafi da tocila da tef, a nemi tsani, a leƙa cikin silin. Abin da ake nema shi ne katakon da ya sauya launi, baƙin ruwa da ya gangaro a bayan bututu, tsatsa ko huji a mahaɗa, tsagewa a jikin bulo, da duk wani tsumma, kumfa ko sheƙar tsuntsu a cikin tazara. A dubi kuma abin da aka ajiye a saman silin ko a jingine da bututu, domin buhunan fulawa da itacen da ake busarwa a gefen tanda sukan cinye tazarar da magini ya bari. Katakon da ya riga ya yi baƙi ba a rufe shi da kwano a ci gaba. Cire shi ake yi a sa sabo a nesa. A rubuta abin da aka gani da ranar da aka gani, a ba mai wurin kwafi da wa'adin gyara, a sanar da mai unguwa, sannan a koma a tabbatar an yi gyaran.